Na biya bashin mota wata 24, sai na tarar bashin ya fi motar tsada

Abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne, lissafin da ya kamata in yi bai fi na minti goma ba. Na sa ido a kan lamba ɗaya kawai, wato biyan wata-wata, na bar lambobi biyun da suka fi ta nauyi: nawa zai rage a kaina ranar da zan so rabuwa da motar, kuma nawa motar za ta yi a kasuwa a ranar.

Bari in ɗauki farashin motar a matsayin 100 don lissafin ya fito fili. Na ba da kafin alƙalami 5, aka ba ni bashin 95 na wata 72, kuɗin ruwa kashi 12 cikin ɗari a shekara. Biyan wata ya kama 1.86, na ga da sauƙi, na sa hannu. Bayan wata 24 buƙata ta taso ta in sayar. Na riga na zuba kusan 44.6, don haka a raina bashin ya kusa rabi. Da na nemi takardar abin da ya rage, sai ga 70.5. Dillalin da ya fi kowa tayi ya tsaya a 60. Ke nan sai na ciko 10.5 daga aljihuna kafin in iya sayar da motar da na yi shekara biyu ina biya.

Ba cuta aka yi mini ba, haka bashin yake aiki. Ana lissafa ruwa ne a kan abin da ya rage, shi ya sa a farkon bashi ruwan yake cin kaso mafi tsoka. A watan farko, 0.95 daga cikin 1.86 ɗin ruwa ne, fiye da rabi. A shekara biyun nan uwar kuɗi 24.5 kawai na rage, sauran 20 ya tafi a ruwa. Ita kuwa sabuwar mota a shekarun farko take zubar da daraja da sauri. Bashi yana saukowa a hankali, mota tana gangarowa a guje, giɓin da ke tsakaninsu kuma a wuyan mai mota yake.

Da wata 36 na ɗauka, biyan wata zai zama 3.16, da nauyi ƙwarai. Amma a wata na 24 saura 35.5 kacal, in sayar a 60 in tashi da 24.5 a hannu. Jimillar ruwan ma 18.6 ce maimakon 38.7. Mota ɗaya, ruwa kashi 12 ɗin nan dai, tsawon wa'adi ne kaɗai ya bambanta. In biyan wata 36 ya fi ƙarfin mutum, ni a ganina motar ce ta fi ƙarfinsa, ba wa'adin ne ya yi gajarta ba.

Sauran hanyoyin samun mota sai daga baya na zauna na fahimce su, kuma abin da ya raba su a zahiri shi ne wa ke ɗaukar asarar faɗuwar daraja. In ka biya kuɗi hannu ko ka ci bashin banki ka saya, asarar taka ce gaba ɗaya, sai dai motar ma taka ce, ka sayar ranar da ka ga dama, muddin ba ita ce jinginar bashin ba. A sayen biyan kaɗan-kaɗan kuwa, motar tana nan da sunan kamfanin lamuni har sai ka yi biyan ƙarshe, ba ka da ikon sayarwa sai ka fanshe ta. A murabaha, wato tsarin bankin Musulunci, banki ne ke saye ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko, don haka ka tambaya a rubuce ko za a yi maka rangwame in ka biya kafin wa'adi, in ba haka ba giɓin zai iya fin nawa. Haya zalla ita ce mai sauƙin fahimta: kana biyan faɗuwar daraja da ribar kamfani, ka mayar da mota, ba ka da komai, ba a bin ka komai, muddin ba ka wuce kilomitar da aka ƙayyade ba kuma ba ka yi mata lahani ba.

Wadda ta fi ruɗa mutane ita ce mai dunƙulallen biya a ƙarshe. Kamfani zai ƙiyasta abin da motar za ta yi bayan shekara uku, a ce 45, ya ajiye shi gefe. Ka ba da 10, ka riƙa biyan 45 ɗin da ke tsakani wata-wata. Abin da ba a cika faɗa da ƙarfi ba, ruwa yana hawa har kan wancan 45 da aka ajiye. A ƙarshe ko ka biya dunƙulen ka riƙe mota, ko ka mayar, ko in kasuwa ta fi 45 ka ɗora rarar a kan wata motar. A nan sai an karanta takarda da kyau, domin ba kowace yarjejeniya ce ke ba da damar mayarwa ba. In babu wannan sharaɗi, dunƙulen bashi ne kawai da ke jiranka, ko motar ta kai kuɗin ko ba ta kai ba.

Akwai dabarar da na so a ce na sani tun farko. Ko ba wannan tsarin za ka ɗauka ba, ka nemi a buga maka shi a kan motoci biyu masu farashi ɗaya. In an ajiye wa ɗaya 55, ɗayar 40, to masu sa kuɗinsu a ciki sun gaya maka wadda za ta riƙe daraja. Tawa irin ta biyun ce: ba a cika nemanta ba, kayan gyaranta da wuyar samu, kuma sabon samfurinta ya fito shekara guda bayan na saya. Na kuma tsallake sabis biyu, ba ni da rasitinsu, kowane dillali sai da ya rage mini kuɗi a kan haka.

Inshora ma ta tsorata ni da na duba. Da motar ta yi haɗarin da ba ta gyaruwa a wata na 24, kuɗin kasuwa za a biya, wato 60, ba abin da ake bi na ba. Akwai inshora ta musamman mai cike wannan giɓi, ni ban ma san da ita ba.

A mota ta gaba na sayi mai shekara uku, wadda wani ya riga ya sha mafi munin faɗuwar, na ba da kafin alƙalami 25, wa'adi wata 36. Kafin in sa hannu na sa aka buga mini jadawalin biya, na ja layi a wata na 12 da na 24, na kwatanta ragowar bashin da abin da irin motar masu shekara huɗu da biyar suke yi a kasuwa. A duka biyun motar ce a sama. Cikon 10.5 ɗin nan kuwa sai da na yi wata bakwai ina biyan wanda ya ranta mini.