Wa'azin 'yan Buda a wani shago a Bankok

A Pratunam, kasuwar tufafin Bankok inda 'yan kasuwarmu ke sarin kaya, akwai wata dattijuwa da nake sayen atamfar riguna a wurinta. Kullum kwamfutar hannu na jingine da kwalin zare, wani limamin Buda mai mayafi ruwan lemo yana magana a hankali, dubban mutane sanye da fararen kaya zaune a layi, ido rufe. Ko ciniki muke, da ya fara addu'a sai ta ɗaga mini hannu in dakata.

Ashe shirin haikalin Wat Phra Dhammakaya ne, wanda aka kafa a 1970 a lardin Pathum Thani, arewa da Bankok. Haikalin da kansa ya mallaki tashar tauraron ɗan'adam mai suna DMC, dare da rana ana koyar da zaman natsuwa da falalar sadaka. Hukumomin Tailan sun dakatar da ita a ƙarshen 2016, lokacin da ake neman shugaban haikalin, Dhammajayo, kan zargin halatta kuɗin haram. A 2017 jami'an tsaro suka yi wa wurin ƙawanya na makonni, ba su same shi ba. Shirye-shiryen kuwa suka koma intanet.

Kallon da dattijuwar ke yi wa shirin ya tuna mini yadda iyayenmu mata ke manne wa rediyo lokacin tafsirin azumi. Sai dai yawan kiran a ba da gudummawa ya yi mini yawa, gaskiya. Ita dattijuwar ko a jikinta, har ambulan ɗin sadakarta ta nuna mini a cikin aljihun tebur.