Dusasshiyar murya: abin da ɗakin ɗaukar sauti ya koya mini

A wasan kwaikwayo na rediyo ba a rasa wurin da ke buƙatar dusasshiyar murya. Tsoho a kan gadon jinya yana barin wasiyya, uwa da ta kwana kukan ɗanta, ɗan siyasa da ya dawo daga yawon kamfen, kwandasta da ya wuni yana kiran fasinja a tasha. Duk sabon ɗan wasan da aka ba irin wannan fitowa, tambayarsa ɗaya ce: "Oga, me zan yi muryata ta dushe kafin gobe?" Kafin in buɗe baki abokansa sun riga sun ba shi amsa. Wannan ya ce ya cusa fuska cikin matashin kai ya yi ta kurma ihu. Wancan ya ce ya tafi filin wasa na Sani Abacha ranar da Pillars ke gida, ya shiga cikin masu "Sai Masu Gida" har a tashi. Akwai mai cewa ƙanƙara, akwai mai cewa kwana a gaban fanka cikin hunturu, har da mai ba da shawarar a ɗan zuƙi taba ko shisha na dare ɗaya.

Ba zan ce duka ƙarya ba ne. Ihu yana dusar da murya, kowa ya sani. Abin da aikin nan ya nuna mini shi ne, muryar da aka kashe da gangan ba ta yi wa mai ita biyayya, kuma ɗan wasa ba shi da wani jari sai muryar da ke jin maganarsa.

Bayan zakaran wuya, cikin maƙogwaro, akwai wasu 'yan tantani guda biyu masu fuskantar juna. Na namiji babba ba su fi santimita 2 da ɗan wani abu ba, na mace ba su kai haka ba. Idan mutum yana numfashi a buɗe suke. Idan zai yi magana sai su haɗu, iskar huhu ta bi ta tsakaninsu, su riƙa kaɗawa suna bugun juna. A maganar yau da kullum na namiji kan kaɗa sau 100 zuwa 130 a daƙiƙa ɗaya, na mace kuwa sau 200 ko fiye. Mai ihu yana sa su bugi juna da ƙarfin da ya wuce ƙima, sai su kumbura. Kumburarren tantani ya yi nauyi, ba ya rufewa ruf, iska na zurarewa ta gefe. Wannan zurarewar da nauyin su ne abin da kunne ke ji ya ce murya ta dushe. Ashe wanda ya ce zai dusar da muryarsa na kwana ɗaya, cewa yake zai ji wa kansa rauni a wurin da ba ya gani, kuma yana fatan raunin zai tsaya daidai inda yake so.

Ba ya tsayawa. Wani yaro mai hazaƙa da muka ba fitowar tsohon maƙeri ya bi shawarar matashin kai. Ya zo da safe yana murmushi, ya gaishe ni da wata murya mai kaushi, kuma wallahi gaisuwar ta yi daɗin ji. Da aka kunna jar fitila ya fara layinsa, sai abin ya fito fili. Rabin jimla na farko ya fita, rabi na biyu iska ce zalla, baki na motsi, allurar na'ura ba ta motsi. Inda aka rubuta tsoho ya daka wa ɗansa tsawa, sai wani siririn ƙara ya kuɓuce masa. Mafi muni, tambaya ta ƙi fita a matsayin tambaya. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kuma "ka dawo?" ba ta rabuwa da "ka dawo" sai da ɗagawar nan ta ƙarshe. Saman murya kuwa shi ne abu na farko da kumburi ke ɗaukewa. Injiniya ya cire abin kunnensa ya dube ni, ya ce, "Oga, wannan ba tsoho ba ne, mara lafiya ne." Da muka dawo ɗaukar sauran fitowarsa, kumburin ya fara saɓewa, muryar ta zama ta wani mutum daban, alhali a cikin labari tsohon bai ko tashi daga inda yake zaune ba. Dole aka sake ɗaukar komai.

Shi ya yi sa'a, domin kumburi irin wannan yakan saɓe cikin 'yan kwanaki idan aka huta. Ba kowa ke samun haka ba. A jikin tantanin akwai ƙananan jijiyoyin jini, kuma ihu ɗaya tak na iya fasa ɗaya daga ciki, murya ta ɗauke nan take. Mai shan asfirin ya fi shiga wannan haɗari, saboda jininsa ba ya saurin daskarewa. Irin wannan fashewar jijiya ce ta sami Adele, mawaƙiyar Ingila, a 2011: jini ya zuba a tantanin muryarta, ta soke wasanninta, aka yi mata tiyata a birnin Boston na Amurka, ta yi makonni ba ta magana. Ita tana da kuɗin ƙwararren likita. Ɗan wasan da ake sallama da kuɗin mota fa? Sannan idan aka maimaita cin zarafin, wurin da tantanin ke bugun juna yakan yi kanta, kamar yadda tafin hannun manomi ke yi da ƙotar fartanya. Irin wannan ce muryar da kake ji a bakin wasu tsofaffin 'yan kamasho da malaman firamare masu aji cike da yara, dushewar da ta zauna daram ba ta tafiya.

Maganar ƙanƙara kuwa ta fi ba ni dariya. Abin da mutum ya haɗiye ba ya bi ta kan tantanin murya. Hanyar abinci daban, hanyar iska daban, akwai ma ɗan murfi da ke rufe ta iska duk lokacin haɗiya. Da ruwa zai taɓa wurin, da ka ƙware ka yi ta tari. Don haka ruwan sanyi ba shi ke kashe murya ba, haka nan zuma da citta da kanumfari da muke dogara da su ba sa isa can. Suna sanyaya maƙoshi, suna sa mutum ya sha ruwa mai ɗumi, kuma wannan ma alheri ne, ban hana kowa shayinsa ba. Abin da ke isa wurin kai tsaye shi ne abin da aka shaƙa: hayaƙin taba, ƙurar hunturu, busasshiyar iskar fanka, ko tururin ruwan zafi, wanda shi kaɗai ne mai amfani a cikinsu. Akwai kuma tsamin ciki da ke tasowa idan an cika ciki da yaji da maiƙo aka kwanta nan take. Da yawa masu tashi da dusasshiyar murya bayan sahur suna ɗora wa ruwan sanyi laifi, alhali kwanciyar ce.

To yaya ake yi? A ɗakin ɗaukar sauti ba a kashe murya, ara mata kaya ake yi, a tuɓe idan an gama. Mai sauraro a gida bai san komai game da kumburi ba. Abubuwa kaɗan kunnensa ke kamawa, kuma kowannensu ana iya yin sa da lafiyayyen maƙogwaro.

Ɗan wasa zai matso kusa da makirfo, tazarar yatsu huɗu, ya ɗan kauce gefe don kada iskar baki ta bugi na'ura. Zai saki kafaɗa da muƙamuƙi. Sai ya bar iska ta riga sauti fita, wato ya fara fitar da numfashi kafin kalmar ta biyo baya. Zai sauko can ƙasan muryarsa, inda take zama idan mutum ya farka daga barci aka yi masa magana, ba tare da ya matse wuya ba. Ƙarfi kuwa ba aikinsa ba ne, injiniya ne zai ɗaga sauti daga tebur. Mafi muhimmanci shi ne yanka jimla. Mai dusasshiyar murya iskarsa na ƙarewa da wuri, don haka yana tsayawa inda mai lafiya ba zai tsaya ba. Layi kamar "ku kira mini Audu, ina da magana da shi kafin dare", ɗan wasa zai ce "ku kira mini", ya ja numfashi a ji shi, "Audu", ya haɗiyi yawu, sannan ya ƙarasa, ya bar "dare" ta mutu a rabi. Na sha ganin mai share ɗaki ta tsaya da tsintsiya a hannu saboda layi irin wannan, alhali wanda ya faɗe shi yana gamawa ya juya da muryarsa garau yana tambayar ko an kawo ƙosai.

Wannan ma yana gajiyarwa, kada wani ya ɗauka kyauta ne. Shi ya sa ake ɗaukar irin wannan fitowa gajere-gajere, da gorar ruwa a gefe. Da zarar ɗan wasa ya ji ƙaiƙayi ko zafi, ko ya fara yawan gyaran murya, an tsaya ke nan, domin gyaran muryar kansa bugun tantanin ne da juna. Raɗa kuma, wadda mutane ke ɗauka hutu ce, idan ana matse ta don a ji, ta fi magana a hankali wahalar da maƙogwaro. Gara mutum ya yi magana ƙasa-ƙasa da muryarsa ta ainihi, ko ya yi shiru gaba ɗaya.

Ba 'yan wasa kaɗai ke wannan tambaya ba, na sani. Ɗalibin da bai shirya gabatar da aikinsa gaban aji ba yana yin ta, haka yaron islamiyya da bai iya haddarsa ba. Ga su sai in ce dabarar ba ta da riba ko ta fuskar wayo. Malam zai ɗaga maka zuwa mako mai zuwa ne kawai, ka zo ka yi abin da ka gudu, wataƙila da ragowar dushewa a wuya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba masu kashe murya ba ne, masu tayar da ita da ƙarfi ne. Mawaƙi ko mai gabatar da biki ya wayi gari murya ta shaƙe, an riga an karɓi kuɗin mutane, sai ya nufi kemis a ba shi deksametazon ko alawar da ke kashe zafin maƙoshi. Maganin na iya rage kumburi, alawar na ɓoye zafi, sai mutum ya hau dandamali ya ci gaba da dukan wurin da ke da rauni ba tare da ya ji gargaɗi ba. Wasu kuma su haɗa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ba ya yi wa kumburin ihu komai, ba ya kuma yi wa na mura. Dushewar da ta wuce mako 3 zuwa 4 ba ta shayi ba ce, ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro ce, musamman ga mai shan taba, domin ciwon dajin maƙogwaro sau da yawa da dushewa yake fara sallama. Haka wanda muryarsa ta ɗauke farat ɗaya yana tsakiyar ihu ko waƙa, ya yi shiru ya nemi likita, kada ya gwada ta. Akwai wannan sashe a asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna, wadda ke duba maƙogwaro ma. Da ɗan madubi ko siririyar kyamara suke leƙa tantanin, cikin 'yan mintuna.

Yanzu haka nake tsara ranar aiki. Fitowar tsofaffi da marasa lafiya da sassafe, lokacin da murya ke ƙasa da kanta. Hira ta yau da kullum a tsakiya. Faɗa, kururuwa da kukan mutuwa a ƙarshe, kuma ba a maimaita su fiye da yadda ya zama dole, wanda ya yi su kuwa ba a sa shi a jadawalin washegari. Idan Pillars na da wasa a gida ranar Lahadi, ba na sa ɗaukar sauti ranar Litinin da safe.