Kunya Shida a Bayan Rumbu

Filin da ke bayan rumbunmu a ƙauyenmu na ƙasar Ringim bai kai a kira shi gona ba, kunya shida ce kacal. Amma jigawa ce mai laushi, irin ƙasar da gyaɗa ke so, shi ya sa na roƙi maigida ya bar mini ita.

Shekarar farko na yi asara, kuma da hannuna na jawo ta. Gyaɗa ta yi fure rawaya gwanin sha'awa, ni kuwa na ɗauki fartanya na shiga yi mata maimai. Da kaka ta zo na tumɓuke, sai ganye, 'ya'yan ba su cika kwano ba. Surukata ta duba saiwar ta ce, "'Yar nan, ai kin yanke mata cibiya." Ashe idan furen ya bushe, wani siririn tsinke ne ke fitowa ya sunkuya ya huda ƙasa, a bakinsa kwanson gyaɗar yake ƙulluwa. Duk inda fartanya ta ratsa, ta datse shi. Yanzu da zarar na ga fure, ciyawa da hannu nake cire ta, a tsugune, da sassafe kafin rana ta yi zafi.

Bana SAMNUT 24 na shuka, wani irin gyaɗa na cibiyar binciken noma ta Samaru, mai nuna cikin kamar kwana 90. Ƙwaya biyu a rami, taƙi guda tsakani, bayan ruwa ya zauna a watan Yuni. Na zuba takin zamani na Supa da ɗan toka, yuriya kuwa ban kusanto da shi ba, don ganye kawai yake ƙara mata. Kaji ne suka wahalar da ni makon farko, sai da na zagaye wurin da ƙaya.

Surukata ta ga dalar gyaɗa a Kano da idonta, ta kuma ga cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 da ta cinye gonaki. Har yau idan ta ga tsiro ya tsuke, ganyensa ya murɗe, da kanta take tuge shi.

Jiya na ɓare kwanso uku, cikinsu ya yi duhu, alamar ta nuna. Jibi zan cire in Allah ya kai mu. Zan shanya ta sosai har ta yi ƙara in an girgiza, domin gyaɗar da ta yi fumfuna guba ce ga hanta. Harawar kuma ta akuyata ce mai ciki.