Godiya ga duk wanda ya sa hannu a karatunmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi. A madadina da abokan karatuna 'ya'yan Hausawa da muka kammala a Kwalejin Zane da Ayyukan Hannu ta Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha, ina miƙa godiya ga jama'ar da suka cika gidan Kawu a Gadarif ranar Juma'a domin walima da baje kolin ayyukanmu. Wasu daga Maiurno suka taso, wasu daga Kasala, wasu daga Madani, ga tsadar mota, ga wahalar hanya. Allah ya saka da alheri, ya mai da kowa gida lafiya.

Kowa ya san yadda karatun nan ya kasance. Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, ana cikin azumi, muka fito da abin da ke jikinmu kawai. Zane-zanen shekaru, da fenti, da buroshi, duk can muka baro su. Waɗanda suka tsaya a Madani sai da suka sake ɗaukar kaya a watan Disamba na shekarar, mu kuma na jihar Sinnar abin ya iso mu a tsakiyar 2024. Ɗalibin lissafi yana iya karatu da waya da littafi. Mai zane kuwa sai da wurin aiki da kayan aiki, kuma duka biyun muka rasa.

A nan ne zan fara da Malam, wanda ya koya mini rubutun allo a Maiurno tun ina ƙarami. Da ya ji ina kukan rashin fenti, sai ya ce, "Kai da ka yi zayyana a hannuna kake neman tawadar kanti?" Ya sa aka kankaro baƙin gindin tukunya, ya jiƙa ƙaro, ya tace da ƙyalle, ya fere mini alƙalamin kara da 'yar wuƙarsa, yana gwada bakinsa a kan farce. Ja muka samo daga zoɓo, ruwan ƙasa daga gahawa da lalle. Da wannan tawada na yi aikin kammalawata gaba ɗaya, kuma ita ce kuka gani a jikin allunan da aka jera ranar Juma'a. Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

A kwaleji an karantar da mu tarihin Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin allo, wanda ya shigar da harafin Larabci cikin zanen zamani har aka baje ayyukansa a gidan baje kolin zane na Tate Modern da ke Landan a 2013. An karantar da mu Ahmed Shibrain da Kamala Ibrahim Ishaq, su ma fitattun masu zane na Sudan. Ina girmama malamanmu da suka nuna mana wannan hanya, suka kuma ci gaba da duba ayyukanmu ta WhatsApp alhali su ma suna gudun hijira, wani daga Fot Sudan, wani daga Alƙahira. Hoto ɗaya sai ya kwana bai tafi ba saboda rashin intanet, amma ba su gaji da mu ba.

Inna, kuɗin godogodon gero da nono da kike sayarwa shi ya sayi takardun farko. Baba, na san da farko hankalinka bai kwanta da wannan karatu ba, ka so in yi aikin asibiti, amma ka sa mini albarka, kuma ranar walima kai ka riƙa kama hannun baƙi kana kai su gaban allunan. Yaya da ke Jidda, duk saƙon da ka turo ta manhajar tura kuɗi ta Bankak ya iso a lokacin da ake buƙatarsa. Kawu ya ba mu ɗaki da rumfa, ya kuma ciyar da taron nan da agashe, wato tsiren Sudan, daga tukubarsa bai karɓi ko sisi ba. Goggo da matan unguwa sun kwana a kan kisra, gurasar dawa ta Sudan, da miya. Matasan da suka ɗauko kujeru suka kafa rumfa, na gode.

Akwai abokan ajinmu da ba su ga wannan rana ba. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Waɗanda har yanzu ba a san inda suke ba, Allah ya bayyana su cikin aminci.

Sai roƙo ɗaya. A cikinmu akwai mai zanen tufafi, tana fitar da adon mayafi da na zannuwan gado. Akwai mai ginin tukwane da kofuna. Akwai masu aikin kwamfuta, tambarin kasuwanci da bangon littafi da katin aure. Ni kuma ina rubutun allunan shaguna da ƙawata masallatai. Shaguna suna sake buɗewa a Madani da Khartum, kowanne yana buƙatar allo a ƙofarsa. Ku kawo mana aikin, ku kuma biya shi da daraja kamar yadda kuke biyan tela da kafinta, domin da shi za mu riƙe iyayen da suka riƙe mu. Duk mai buƙata ya same mu a rumfar Kawu bayan sallar La'asar, ayyukan suna nan a rataye har ƙarshen wata.

Allah ya zaunar da Sudan lafiya. Wassalam.