Kuɗin Maƙera a Ɗakin Gwanjon Faris

Da gangan na daidaita tafiyata zuwa Faris da watan Satumba, domin a lokacin ne dillalan kayan gargajiya na Turai da Amurka suke haɗuwa a unguwar Saint-Germain-des-Prés su baje kolinsu na shekara, wanda suke kira Parcours des Mondes tun 2002. Galibin masu zuwa sassaƙa suke bi, gumakan katako da fuskokin rawa na Gabon da Mali da Kwaddibuwa. Ni kuwa ƙarfe ne ya kai ni. Na daɗe ina son in gane wa idona yadda ake cinikin kuɗin da maƙeran Afirka suka ƙera kafin zuwan sulalla da takarda, in kuma ga su wa ke sayensa.

Titunan unguwar matsattsu ne, shago na jingine da shago daga rue des Beaux-Arts har rue Mazarine. Kowane shago an shafe shi da farin fenti, an haska kowane kaya da fitilarsa. A ɗaya daga cikinsu na fara cin karo da liganda, kuɗin mutanen Topoke na yankin Kisangani a Kwango. Siffar kan mashi gare shi, amma tsawonsa ya kusa kai na mutum, ga shi falle ɗaya siriri, da layuka a jere tun daga ƙasa har sama. Ba a yi shi don yaƙi ba, ko kaza ba zai soke ba. Da shi ake biyan dukiyar aure. Na tsaya ina lissafin aikin da ke cikinsa: haƙo tama, ƙona gawayi, kwana ana zuga wuta, sannan a ɗora a kan uwar maƙera a yi ta bugu har ƙarfe ya baje haka ba tare da ya tsage ba. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san wannan ba aikin yaro ba ne. Darajar kuɗin daga nan ta fito, domin kowa a garin ya san wahalar da aka sha kafin a same shi.

A gefensa akwai damin kuɗin Kisi, wanda ya yi yawo a Gini da Saliyo da Laberiya har cikin ƙarni na 20. 'Yan sanduna ne sirara, murɗaɗɗu, kai ɗaya a baje, ɗayan mai reshe biyu. Masu shi sun ɗauka yana da rai, shi ya sa idan ɗaya ya karye ba ya ciyuwa a kasuwa sai an kai wa maƙeri ya haɗa shi. Murɗin nan ma ba ado kawai ba ne, shaida ce cewa ƙarfen mai kyau ne, don gurɓataccen ƙarfe ba ya jure murɗi. Sai kuma namu na gida: manyan fartanyoyi daga tsakiyar Najeriya waɗanda ba su taɓa shiga gona ba, da ƙarafa masu lanƙwasa daga ƙasar Mumuye da Chamba. An kafe kowanne a kan baƙin mariƙi, an tsayar da shi a miƙe. Sun yi kyau, ba na musu. Amma 'yar takardar da ke jikinsu ba ta wuce kalma uku zuwa huɗu ba: sunan ƙabila, sunan ƙasa, sai "ƙarni na 19 ko na 20".

A bakin wani shago na ji ana waya da Hausa. Dattijo ne ɗan Nijar, cikin babbar riga da kwat a sama saboda sanyi. Bayan mun gaisa na ce, "Alhaji, kai ma kallo ka zo?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, rabin abin da kake gani a nan ta hannun irinmu ya biyo." Gaskiyarsa. Shekaru da dama fataken Hausawa ne ke shiga ƙauyuka suna sayen tsofaffin kaya, su kai Abijan ko Lome ko Duwala, daga can kaya su haye teku. Muka zauna shan shayi, ya buɗe mini sirrin sana'ar. Ya ce jabu ya yi yawa, kuma ƙarfe ya fi katako sauƙin ha'inci: a yanko shi daga tsohuwar mota, a ƙera, a jiƙa da ruwan gishiri, a binne a ƙasa damina guda, ya fito da tsatsa kamar ya shekara ɗari. Mai ido yana ganewa, domin ƙarfen da aka narka daga tama yana da jijiya da tabon dattin wuta a jikinsa, na masana'anta kuwa sumul yake. Na tambaye shi ko yana rubuta sunan ƙauyen da ya sayi kaya. Ya girgiza kai. "Wa zai nuna wa abokin gasa rijiyarsa?"

Washegari na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na sauka a tashar Richelieu-Drouot. Hôtel Drouot gidan gwanjo ne da ke aiki tun 1852, ɗakuna ne birjik masu jan bango, kamfanoni daban-daban suna kama haya su sayar da kayansu. Abin da ya burge ni shi ne ƙofa a buɗe take ga kowa, kuma kafin a fara gwanjo ana barin mutum ya ɗauki kaya ya jujjuya. A nan na fara riƙe mundayen tagulla da Turawa suka riƙa ƙerawa a Birmingham suna kawowa gaɓar tekunmu, waɗanda aka sayi manja da su, kafin nan kuma aka sayi mutane da irinsu. Gwamnatin mulkin mallaka ta janye su daga kasuwannin Najeriya tsakanin 1948 da 1949, ta tattara sama da miliyan 30. Nauyinsu a tafin hannu ya dame ni fiye da yadda na zata.

Da rana aka fara. Mai guduma yana tsaye a kan dakali, ma'aikata a jere riƙe da wayoyi suna karɓar tayin waɗanda ba su zo ba, wasu tayin kuma ta intanet suke shigowa. Babu hayaniya, ɗaga yatsa ko gyaɗa kai ya isa. Idan guduma ta sauka ciniki ya faɗa, mai saye kuma zai ɗora la'ada da takan kai kusan kashi 30 cikin 100. Kuɗin ƙarfe aka fara kawowa, aka yi ta wucewa da su da sauri, ɗaruruwan Yuro, wasu ma ba a taya ba. Da aka iso kan wata fuskar katako sai ɗaki ya canza. Mai gabatarwa ya karanto sunayen Turawan da suka taɓa mallakarta ɗaya bayan ɗaya, da shekarar da aka nuna ta a wani baje koli, farashi ya yi ta hawa.

A nan na fahimci abin da ake saye. Silsilar masu mallaka ita ce rabin kuɗin, kuma silsilar daga ranar da kaya ya sauka Turai take farawa. A wannan gida aka sayar da fuskar Ngil, ƙungiyar asiri ta mutanen Fang na Gabon, a 2006 kan Yuro miliyan 5.9. Wata irinta ta kai miliyan 4.2 a Montpellier a 2022, bayan wani dillali ya saye ta Yuro 150 daga hannun tsofaffin ma'aurata da suka gaje ta daga kakan mijin, gwamnan mulkin mallaka. Rigima ta kai kotu, gwamnatin Gabon ta nemi a mayar mata da ita, kotun Faransa ta ƙi a ƙarshen 2023. A duk shari'ar an san sunan gwamna, an san na dillali, ba a san na masassaƙi ba. Wannan ya yi mini ciwo, kuma har yanzu yana yi.

Ba na cewa duk mai tara kayan nan ɓarawo ne. Na zauna kusa da wata tsohuwa Bafaranshiya da ta shafe rayuwarta tana nazarin kuɗin ƙarfe, ta san bambancin aikin maƙeran dutsen Mandara da na kwarin Binuwai fiye da yawancinmu. Kuma kuɗi ba kamar kayan tsafi ba ne, don yawo aka yi shi, dubbai aka ƙera, da yawansa sayar da shi aka yi da yardar masu shi bayan ya daina ci. Hukuncinsa ba ɗaya ba ne da na tagullar Binin da sojan Ingila suka kwashe a 1897, ko kayan fadar Abomey guda 26 da Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin a 2021. Sai dai dokar Najeriya ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba da izinin hukumar gidajen tarihi ba, kuma a cikin fartanyoyin da na duba babu wadda aka nuna mini takardar fitarta. Saboda haka ban taya ko ɗaya ba, duk da cewa kuɗin wasu bai fi ƙarfina ba.

Kafin in bar gari na tsallaka zuwa gidan tarihi na Quai Branly a bakin kogin Sen, wanda aka buɗe a 2006, inda aka yi babban nuni kan maƙeran Afirka daga ƙarshen 2019. A can ma sunan maƙeri ba kasafai ake samunsa ba. Abin da ya rage a sani yana bakin tsofaffi a wurare irin su Sukur ta ƙaramar hukumar Madagali a jihar Adamawa, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, inda kufan murhun narka tama ke nan har yau. Nawa ake bayarwa a auren budurwa, sandan ƙarfe nawa ke sayen akuya, wane gida ne ya fi iya wuta. Na rubuta tambayoyin a filin jirgi, kuma can na nufa idan hanya ta yi kyau bayan damina.