Godiya, da ɗan abin da ya rage na murya

Alhamdulillahi. Daren jiya da na dawo daga taron bankwana na zauna a bakin gado ko takalmi ban cire ba, sai mai ɗakina ce ta zo ta tashe ni. Gajiyar wata huɗu ce ta sauko mini lokaci guda. Kun san komai, tun ranar da murya ta ɗauke ina tsakiyar darasi har zuwa tiyata da zaman jiran sakamako, ba sai na maimaita ba. Tsiron da aka cire a maƙogwarona dai ba na daji ba ne. Likita ya ce muryar za ta dawo, amma ba irin wadda ke kaiwa bencin baya ba, shi ya sa na ajiye alli.

Dare ɗaya nake son ba ku labarinsa, daren farko bayan tiyata. An hana ni magana kwana goma, har raɗa, wai raɗa ma tana wahalar da maƙogwaro. Ku duba fa, mutumin da ya yi shekara 34 da bakinsa yake neman abinci. Wajen ƙarfe biyu na farka, ɗakin shiru, tsoro ya rufe ni irin wanda ban taɓa ji ba, ga shi ba halin kiran kowa. Sai ma'aikaciyar jinya ta shigo duba ƙarin ruwa. Ta kalli sunan da ke jikin katina, ta kalle ni, ta ce, “Malam, ba ka gane ni ba ko?” Ashe ɗalibata ce, 'yar ajin 2003, mai zama can lungu wadda sai na yi da gaske take buɗe baki. Ta fita, ta dawo da littafin rubutu da jan biro, ta ce, “Ai da wannan ka saba yi mana magana.” Na rubuta mata cewa tsoro nake ji. Ta karɓa ta rubuta amsa da Turanci a ƙasa, cewa Allah ba ya barin bawansa. Sai ga shi ta manta harafin s a ƙarshen aikatau. Wallahi ban san lokacin da hannuna ya zagaye wurin da ja ba. Ta yi dariya har da riƙe ƙarfen gado, ni kuwa hawaye kawai. Ta zauna da ni har asuba ta gabato. Ta roƙe ni kada in ambaci sunanta. 'Yata, na cika alkawari, amma Allah ya san ki, ya saka miki da abin da ya fi wannan.

Na fara koyar da Turanci a sakandare a 1990, shekarar da aka yi taron Jomtien a ƙasar Tailan, inda ƙasashen duniya suka yi alkawarin ilimi ga kowa. Na yanko labarin a jarida na liƙa kusa da allo, gefen taswirar duniya. Wani abokin aiki ya ce mini, “Malam, Turanci aka ɗauke ka ka koyar, ba yawon duniya ba.” Ni kuwa a ganina harshe ba ya zama a bakin yaro sai yana da wanda zai yi wa magana. Shi ya sa muka fara musayar wasiƙu da wani aji a Kenya, daga baya da wani a Koriya ta Kudu. Wasiƙa ta yi makonni a hanya, amma ranar da ta iso, yaron da ba ya iya cika layi uku sai ya cika shafi biyu. Alkawarin manya kuwa sai ɗagawa ake yi: Jomtien ta ce 2000, taron Dakar a ƙasar Senegal ya ce 2015, yanzu muradi na huɗu, wato na ilimi, cikin muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce 2030, kuma har yau UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar, na maganar yara da matasa sama da miliyan 250 da ba sa makaranta. Wannan ya fi ciwon maƙogwaron damuna, amma ba yau ce ranarsa ba.

Shugabar makarantarmu, ranki ya daɗe, ke kika dage a ɗaga taron bankwanar zuwa 5 ga Oktoba don ya dace da Ranar Malamai ta Duniya, kuma don in samu ƙarfin tsayuwa. Na gode. Matashin malamin da ya karɓi azuzuwana uku a kan nasa bai taɓa ƙorafi ba, Allah ya ba shi ɗalibai masu jin ƙansa. Abokiyar aikina ta Koriya, wadda ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba, ta turo muryoyin ɗalibanta suna yi mini fatan sauƙi, aka kunna a zauren. Tun 2020 da annoba ta rufe makarantu muka koma gaisawa ta waya, ban zaci zumuncin zai kai haka ba. Jawabina kuma tsofaffin ɗalibai shida ne suka raba sakin layi suka karanta a madadina.

Mai ɗakina, ke kam ba ni da bakin gode miki, ko da muryar na nan. Autana da ya koyi karanta mummunan rubutuna dole, Allah ya yi maka albarka.

Akwai waɗanda muka haɗa jini da su, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, har aka sallame ni ban ga ƙeyarsu ba, alhali saƙo ya zo daga wata nahiyar. Wataƙila uzuri ne. Na bar shi a haka.

Ya Allah, duk wanda ya taka, ya kira, ya yi addu'a a ɓoye, ka biya masa buƙatunsa. Ka ba marasa lafiya lafiya, ka jiƙan malamanmu da suka riga mu, ka buɗa wa yaran da ba su taɓa zama a aji ba. Amin.

Don Allah a yi haƙuri da kira tukuna, a turo saƙo a rubuce. Taswirar na bar ta a bangon ajin. Littafin da jan biron suna wurina, saura shafi goma sha ɗaya.