Harbin rina a hanyar Saminaka

Da hantsi muka bar tashar Kawo, muka bi titin Zariya, muka wuce Rigachikun, a Mararrabar Jos muka karya dama muka kama hanyar Saminaka. Ƙarshen damina ce, masara ta bushe a gonaki, ko'ina ana karya. Kafin mu kai Pambeguwa tayar baya ta sace, direba ya gangara gefe, muka fito muka fake a inuwar wata darbejiya.

Wani saurayi cikinmu ya miƙa hannu zai karyo asuwaki. Bai lura da gidan rina da ke rataye ƙarƙashin reshen ba, mai launin toka, kamar an yi shi da takarda. Nan take suka harbe shi wuri uku, biyu a bayan hannu, ɗaya a wuya.

Abu na farko shi ne barin wurin. Na ce kowa ya matsa nesa, kada a tsaya kaɗe-kaɗe da hula. Rina idan ta yi harbi ko aka murƙushe ta, tana fitar da wani wari da ke kiran 'yan'uwanta. Kuma ba kamar ƙudan zuma take ba, wanda ke barin ƙarinsa a fata ya mutu. Ita tana janye nata ta sake harbi sau da yawa. Duk da haka na duba wuraren uku. Da akwai ƙari, da gefen katin ATM ko farce za a kankare shi maza-maza.

Wani dattijo ya ce a zuƙo fetur a shafa, wata Hajiya ta ce laka ce maganinsa. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, fetur ƙona fata zai yi. Hajiya, laka kuma datti za ta sa a ramin harbin." Haka tsagawa da reza, da tsotsa, da ɗaure hannu da igiya: dafin ya riga ya shiga nama, ba ya fitowa ta nan, sai dai a ƙara masa wani ciwon.

Muka wanke wurin da ruwan leda da sabulu. Na sa ya cire zoben azurfarsa tun kafin yatsa ya kumbura, don idan aka makara sai an yanke zoben. Hajiyar tana da kula mai ƙanƙararren zoɓo, muka naɗe leda ɗaya a hankici muka ɗora minti 10, a ɗaga, a sake ɗorawa. Ba a ɗora ƙanƙara a fata tsirara. Hannun kuma aka ɗaga shi sama. Ya sha paracetamol 500mg guda biyu saboda zogi, da Piriton 4mg guda ɗaya saboda ƙaiƙayi. Piriton na sa barci, da direba aka harba da ban ba shi ba.

Abin da ya fi damuna harbin wuyan ne, shi ya sa na zauna kusa da shi ina sauraren muryarsa. Zafi da kumburin wurin harbi ba su ne ke kisa ba. Abin tsoro shi ne jikin da bai jituwa da dafin, kuma alamunsa kan bayyana cikin mintuna, galibi kafin rabin awa: borin jini a wuraren da ba a harba ba, kumburin leɓe ko harshe, dashewar murya, numfashi mai fito, jiri, amai, suma. Idan aka ga haka, Piriton ba zai tare shi ba. Allurar adrenalin ce magani, 0.5mg ga babba, a naman cinya ta waje, a maimaita bayan minti 5 in babu sauƙi. Sai a kwantar da mutum a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ke gagara a jingina shi a zaune, mai ciki a kwantar da ita ta gefen hagu. Kada a miƙar da shi tsaye ko a sa shi tafiya, domin jininsa ya sauka, zai iya yanke jiki ya faɗi. A sa shi a mota zuwa asibiti mafi kusa, ko da ya ce ya ji sauƙi, don abin na iya dawowa bayan awanni. Harbi a cikin baki, ko harbi goma zuwa sama, shi ma na asibiti ne, ƙaramin yaro ma ba a jira ya kai haka. Dafi mai yawa na taɓa ƙoda, alamarsa fitsari ya koma kalar shayi ko ya ragu.

Aka gama canza taya, muryarsa na nan garau. Muka wuce Pambeguwa, muka shiga Saminaka bayan azahar, manyan motoci na lodin buhunan masara. Hannunsa ya kumbura har wuyan hannu. Kafin ya sauka na ce masa, "Ɗan'uwa, kumburin zai iya ƙaruwa yau da gobe, ya sace cikin mako guda. Kada ka sosa. In ka ga ruwa na fita, ko jan na yaɗuwa da zazzaɓi, ka je asibiti." Ya sa zoben a aljihu, ya ɗauki jakarsa da hannun hagu.